Ƙawar lafiya ga matanmu masu shekara 40 zuwa 60: yaya za a tsara ta, ina kuma iyakarta?

Hajiya_Tandabawi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar lafiya a cikin zauren nan. Matanmu na Makka da Jidda da suka haura arba'in, da wuya ki shiga gida ba ki tarar da mai shan maganin sukari ko na hawan jini ba, kuma galibi ba a gano ciwon sai an je mustashfa, wato asibiti, da wata larura daban. An kawo shawara a wajen adashi cewa a ware wasu daga cikin matan, waɗanda ba likitoci ba, kowacce ta riƙa bibiyar 'yan uwanta kaɗan: ta tuna musu awo, su fita tattaki tare, su duba abin da ake dafawa. Wasu suna kiranta ƙawar lafiya. Shin abin nan yana aiki kuwa? Me ya kamata a koya mata? Kuma ina za ta tsaya, don kada mu wayi gari mun ƙirƙiro likitocin tsakar gida?

Nas_Jarwal:
Wa alaikumus salam Hajiya. Bari in fara da tushen maganar. Abin da ya tabbata shi ne ana iya jinkirta ciwon sukari ko a kauce masa ga wadda take bakin gaɓa. Babban binciken da aka yi a Amurka, wanda sakamakonsa ya fito a 2002, ya ɗauki mutum sama da 3,000 da sukarinsu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba. Waɗanda aka sa wa burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba ƙwayar metformin kuwa kashi 31. Ki duba ƙanƙantar abin da ake nema: mace mai kilo 90, kilo shida da ɗoriya ne kawai za ta zubar, ba wai ta koma jikinta na budurci ba.

Matsalar ba rashin sani ba ce. Kowace mace ta san shayi mai cokali uku ba alheri ba ne. Ɗorewa ce ke gagara, daga mako na uku sai a saki. To a nan ne ƙawa take da amfanin da likita ba shi da shi. Likita minti goma zai gan ki bayan wata uku, ita kuwa ta san ranar da aka yi walima a gidanku, ta san gwiwarki na ciwo.

Ummu_Sumayya:
Nas, wancan binciken ƙwararru ne suka bibiyi mutane, da kuɗi da darasi goma sha shida a tsare. Ba maƙwabciya ba ce. Kada mu ɗauki sakamakon wancan mu liƙa wa wannan. An gwada tallafin 'yan uwa ga masu sukari a Ailan, sakamakon ya fito a 2011, bayan shekara biyu ba a ga wani bambancin a-zo-a-gani ba, wasu ma ko zama ɗaya ba su halarta ba.

Nas_Jarwal:
Gaskiyarki Ummu Sumayya, kuma gyara ne mai kyau. Sakamakon a gauraye yake. Amma akwai ɗaya ɓangaren. A San Faransisko an horar da masu ciwon sukari na awa 36, aka haɗa su da marasa lafiya masu ƙaramin ƙarfi, bayan wata shida awon sukarin wata uku ya sauka da kusan maki ɗaya a wajen waɗanda aka bibiya, sauran kuwa kusan 0.3. Wannan a 2013 ke nan. Sai na Bangaladash a 2019, ƙauyuka 96: inda aka riƙa taron jama'a wata-wata ana tattauna matsalar ana neman mafita tare, sukari ya ragu sosai, inda kuwa saƙon waya kawai aka riƙa turawa, ilimi ya ƙaru amma ciwon bai ragu ba. Abin da na fahimta shi ne horo da haɗuwa ido da ido su ne ke rarrabe mai aiki da marar aiki.

Maman_Hindawiyya:
To wannan na Bangaladash ya kamata mu riƙe. Don abin da zai faru na sani, za a buɗe guruf a WhatsApp a yi ta tura bidiyo da sautin murya, a ce an yi aiki.

Abu_Fadila_Saidaliyya:
Hajiya, ni tambayarki ta uku zan ɗauka, don ita ce ke iya jawo asarar rai. Ƙawar lafiya ba ta cewa “kina da sukari” ko “ba ki da shi”. Ba ta cewa ƙara ƙwaya, rage ƙwaya, ko daina. Ba ta ba wata maganinta don wai ciwonsu iri ɗaya ne. Wannan na ƙarshen ya yi yawa a cikinmu: wata ta ji kanta na sarawa sai maƙwabciya ta ɓallo mata ƙwayar hawan jini daga tata. Maganin hawan jini kala-kala ne, wani ba a ba mai matsalar ƙoda sai da awo, wani ba a ba mai asma, wani haɗari ne ga mai juna biyu, kuma mace mai 42 tana iya ɗaukar ciki.

Abin da za ta yi kuwa, wanda ya fi ba da magani amfani: ta ce wa kowace mace ta zuba duk abin da take sha a leda ɗaya, na asibiti da na gargajiya da na shafawa, ta tafi da shi wajen likita ko mai saidaliyya, wato kantin magani. A cikin ledar nan ake gano ɓarnar. Magungunan ciwon gwiwa irin ibuprofen da diclofenac, idan aka mai da su na kullum, suna ɗaga jini suna cin ƙoda. Ƙwayar ƙiba da wasu ke sha kafin biki, galibi akwai dexamethasone ko danginsa a ciki, shi kuma kai tsaye yake ɗaga sukari da jini. Wasu mayukan hasken fata ma akwai sinadarin dangin nan a ciki. Mace ba za ta faɗa wa likita namiji tana shan waɗannan ba. Za ta faɗa wa ƙawarta.

Inna_Misfala:
Allah ya saka da alheri Abu Fadila. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Maganar ƙwayar ƙiba ɗin nan a daɗe ana faɗa.

Malama_Karantina:
Ni abin da nake tsoro ba magani ba ne, baki ne. Ranar da aka ji a wajen suna cewa sukarin wance ya kai kaza, ko an ga ƙari a mamanta, ranar tsarin ya mutu, ba mai sake buɗe baki. Saboda haka tun ran gini tun ran zane. Kada a naɗa wa mace ƙawa, a ba ta sunaye biyu ko uku ta zaɓa, kuma tana da damar canzawa ba tare da an tambaye ta dalili ba. Kada a haɗa kishiyoyi, kada a haɗa uwar miji da matar ɗa, kada a haɗa wadda ake bin ta bashin adashi da mai binta. Lambobin awo ba sa shiga guruf, ko da na yabo ne. Littafin awo yana zama a hannun mai jikin, ba a hannun ƙawar ba. Kuma ko mijinta ne ya tambaya, amsar ita ce “tambaye ta”.

Wajen zaɓen ƙawar kuma, kada a bi wadda ta fi kowa iya magana. Mai yawan wa'azi ita ce ta fi saurin korar mutane. A nemi mai sauraro, mai riƙe sirri, wadda ita ma take fama da nata jikin.

Hajiya_Tandabawi:
Malama kin taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. To mutum nawa ya kamata ƙawa ɗaya ta riƙe? An ce goma.

Malama_Karantina:
Goma ya yi yawa Hajiya, ga wadda ke da girki da jikoki da sana'arta. Huɗu zuwa shida. Ki lissafa: kiran minti 15 sau ɗaya a mako ga mutum biyar, awa ɗaya da kwata ke nan, ga haɗuwar wata-wata, ga rakiya zuwa markaz, wato cibiyar lafiya ta unguwa. Wata ukun farko kowane mako, daga nan a koma bayan mako biyu.

Dakta_Umm_Anas:
Bari in ba da lambobin da ya kamata kowace ƙawa ta haddace, ba don ta yanke hukunci ba, don ta san yaushe za ta ce “tashi mu tafi”.

Sukarin safe bayan awa takwas ba ci: ƙasa da 100 lafiya, 100 zuwa 125 bakin gaɓa ne, 126 zuwa sama ana zargin ciwo, kuma sai an maimaita a ɗakin tahalil, wato ɗakin gwaje-gwaje, kafin a tabbatar. Awon wata uku, wanda ake kira tarakumi a nan: 5.7 zuwa 6.4 bakin gaɓa, 6.5 zuwa sama ciwo. Akwai abin da ya shafe mu musamman a kan tarakumi. Mu 'yan asalin Afirka ta Yamma da yawanmu muna ɗauke da AS, wato gadon sikila, kuma wasu na'urorin suna ba da lamba marar daidai ga mai irin wannan jinin. Ƙarancin jini na rashin sinadarin ƙarfe, wanda ya yi yawa ga matan da al'adarsu ke zuba da yawa gab da ɗaukewa, shi ma yana iya ɗaga lambar. Don haka mace ta faɗa wa likita ko tana ɗauke da AS, in ya ga dama ya haɗa da awon safe.

Wa za a fara turawa awo? Duk wadda ta wuce 35 ya kamata ta yi. Amma a sa waɗannan a gaba: wadda ta taɓa sukarin ciki (wato sukarin da ke hawa lokacin juna biyu), wadda ta haifi jariri mai kilo huɗu ko fiye, wadda uwa ko uba ko ɗan'uwanta ke da shi, da mai tumbi. Wadda ta yi sukarin ciki ana so ta riƙa awo duk shekara ɗaya zuwa uku har ƙarshen rayuwa, kuma yawancinsu ba wanda ya taɓa gaya musu.

Hawan jini: 140 bisa 90 a asibiti, 135 bisa 85 in a gida ake awo. Idan ya kai 180 bisa 120 a huta minti biyar a sake. In yana nan, likita a ranar. In kuma akwai ciwon ƙirji, ko ɗaukewar numfashi, ko gani ya dushe, ko magana ta karye, ba jira, a kira motar asibiti a lamba 997.

Ummu_Sumayya:
Dakta, to ƙawar ce za ta riƙa yin awon, ko kowa ta yi nata?

Nas_Jarwal:
In na amsa kafin Dakta ta dawo. Na'urar hawan jini ana iya yin karo-karo a sayi ɗaya, amma ta dantse, ba ta wuyan hannu ba. Kuma a kula da ɗamarar, nan ne kowa ke faɗawa. Wadda ke zuwa a cikin kwali sau da yawa ta dantse mai santimita 22 zuwa 32 ce. Da yawa daga matanmu dantsensu ya wuce haka, kuma ƙaramar ɗamara a babban hannu tana nuna jini ya hau alhali bai kai haka ba. A auna dantse da tef ɗin tela, in ya wuce 32 a sayi babba.

Yadda ake yi: ba shayi ba gahawa minti 30 kafin awo, ta yi fitsari, ta zauna a kujera minti biyar bayanta a jingine, ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, ɗamara a kan fata ba a kan hannun abaya ba. Ba magana. Wannan shi ne mai wuya idan mata sun taru, ana awo ana gaisawa ana tambayar yara, lambar sai ta hau. Sau biyu, tsakani minti ɗaya. Wadda ake zargi ta yi safe da yamma kwana bakwai, a watsar da na ranar farko, a kai wa likita sauran.

Na'urar sukari kuwa ban goyi bayan a riƙa zagayawa da ita ba. Allurar tsira yatsa ba a raba ta, har alƙalamin da ake sa allurar ciki ba a raba shi, saboda ciwon hanta na B yana bin ɗigon jinin da ido ba ya gani. Ga kuma zafin Makka: tsinken awo da aka bari a mota ko kusa da murhu ya lalace. Wadda ta taɓa dabino ba ta wanke hannu ba, na'ura za ta nuna mata lambar da za ta hana ta barci.

Dakta_Umm_Anas:
Na yarda da Nas. Wadda ba ta da ciwon, awon markaz sau ɗaya ya fi tsire-tsiren yatsa goma a gida.

Baba_Sabil:
Ku yi haƙuri da shigowar namiji. Ana ta maganar markaz kamar kowa na iya shiga. Mai jinsiyya, wato ɗan ƙasa, yana buɗe manhajar Sehhaty ya kama mau'idi, wato lokacin ganin likita, mai iƙama (katin zama) da ta'amin (inshorar lafiya) shi ma yana da hanyarsa. Akwai 'yan uwanmu da takardunsu ba su cika ba, su fa?

Abu_Fadila_Saidaliyya:
Tambaya ce ta gaskiya Baba. Abin da ƙungiya ke iyawa shi ne ta ware wani abu daga adashi don awon shekara a mustausaf, wato ƙaramin asibiti, mai zaman kansa, a tambayi farashi a wuri biyu ko uku, don sukarin safe ba ya cikin gwaje-gwaje masu tsada. Awon jini da tef ɗin ƙugu kuma ba sa neman takarda. Ga layin 937 na ma'aikatar lafiya, ana samun shawarar likita ta waya dare da rana. Kuma ƙawa ba ruwanta da tambayar takardun kowa, ba ta rubuta su ko'ina.

Maman_Hindawiyya:
Mu dawo kicin don Allah, can ne yaƙin yake. A ce wa mace ta bar shinkafa a garin kabsa da bukhari da mandi, ai an san ba za ta bari ba.

Mai_Abinci_Madina:
Ba a ce ta bari ba Maman Hindawiyya, kuma duk ƙawar da ta fara da “bari” ta faɗi. A fara da abin sha, don shi ne ya fi sauƙin cirewa ya fi yawan ɓarna. Cokalin shayi ɗaya na sukari kusan giram huɗu ne. Mai shan kofi huɗu a rana da cokali uku-uku ta sha giram 48, ta cinye iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa babba, kusan giram 50, alhali ma hukumar ta ce rabin haka ya fi. Ba a zo kan lemon gwangwani ba, wanda ƙaramin na mililita 330 yake ɗauke da kusan cokali tara. Ba banza gwamnatin nan ta sa wa lemon gas harajin kashi 50 cikin 100 a 2017 ba. A rage rabin cokali duk mako, harshe yana sabawa. Wadda aka ce ta yanke gaba ɗaya rana ɗaya, kwana huɗu za ta koma.

Shinkafa kuma matsalar tire ce. Idan an kewaye tire ɗaya ba mai sanin abin da ta ci. Ta ɗebi nata a faranti matsakaici kafin a zauna: rabi ganye ko salatin, kwata nama ko kifi ko wake, kwata shinkafa ko tuwo, misalin dunƙulen hannunta. Ta fara da ganyen. Kuma abincinmu na gida yana da abin da muke nema: miyar kuka, kuɓewa, kwaɗon zogale, ɗanwake, alale. Ful, wato dafaffen waken safe, ma abinci ne mai kyau, burodin tamis ɗin da ake cinye guda da man da ake malalawa a kai su ne matsalar.

Gishiri: ƙasa da giram biyar a rana, wato cokalin shayi ɗaya, duka har da wanda ke cikin burodi da cuku da zaitun da ɗanɗano. Dunƙulen ɗanɗano kusan rabinsa gishiri ne. A sa dunƙule uku a tukunya, a ƙara gishiri, a kawo yaji mai ɗanɗano a gefe. Daddawa da tafarnuwa da citta da lemon tsami suna rufe gurbin in an rage a hankali.

Inna_Misfala:
Zoɓo fa? An ce yana sauke jini.

Abu_Fadila_Saidaliyya:
Yana saukewa kaɗan Inna. An gwada a Amurka, kofi uku kullum na mako shida, lambar sama ta sauka da kusan bakwai. Amma ba sukari a ciki, kuma ba ya maye gurbin ƙwaya. Zoɓon da muke yi na biki rabinsa sukari ne. Wanda nake so ku kiyaye shi ne irƙisus da ake sha da azumi, shi ɗaga jini yake yi yana zubar da sinadarin fotasiyam. Mai hawan jini ta nisance shi.

Ummu_Sumayya:
Tunda an zo kan azumi, nan ne duk tsarin zai watse. Sambusa, luƙaimat, sobiya, Vimto, a kwana ana ci a wuni ana barci.

Dakta_Umm_Anas:
Ba sai ya watse ba, a canza masa buri ne kawai. A watan ba a neman rage nauyi, ana neman kada a ƙara. Dabino ɗaya zuwa uku da ruwa, a yi Magariba, sannan a ci. Suya sau biyu a mako maimakon kullum. Aikin ƙawa mafi girma yana cikin Rajab da Sha'aban: duk mai shan maganin sukari ta ga likita mako shida zuwa takwas kafin azumi a gyara mata lokutan ƙwaya. Ta kuma san cewa in sukari ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 ana karya azumi, kuma tsira yatsa don awo ba ya karya shi. Idan ya faɗi, da rawar jiki da zufa da jiri, giram 15 na sukari, wato kamar cokalin shayi huɗu a ruwa, a jira minti 15 a sake awo. Wadda ta suma ba a ɗura mata komai a baki.

Hajiya_Tandabawi:
Duk ina rubutawa. Amma har yanzu ban ji abin da ƙawar za ta faɗa ba idan ta ɗaga waya. Kar ta kira su yi gaisuwa da hirar biki su ajiye.

Malama_Karantina:
Ga yadda kiran yake tafiya Hajiya. Bayan gaisuwa, tambayar farko: “Abin da kika ɗaukar wa kanki makon jiya, yaya ya kasance?” Ba “kin yi ko ba ki yi ba”. In ba ta yi ba, “me ya tare ki?”, sai a yi shiru a saurara. Sau da yawa abin da ya tare ta ba lalaci ba ne: ba mai riƙe mata jika, ko takalmin yana cin ƙafa, ko maigida bai yarda da fitar dare ba. Kowanne da maganinsa daban.

Sannan buri ɗaya tak na mako mai zuwa, kuma ita za ta zaɓa. “Zan riƙa motsa jiki” ba buri ba ne. “Zan yi tafiyar minti 15 bayan Isha, Asabar da Litinin da Laraba, ni da wance, daga ƙofar gida zuwa masallaci mu dawo”, wannan shi ne buri. Sai a tambaye ta, daga sifili zuwa goma, nawa kike jin za ki iya? In ta ce ƙasa da bakwai a rage burin har ya kai bakwai. Ƙaramin abin da aka cika ya fi babban da aka fasa, don wadda ta fasa sau biyu kunya za ta hana ta ɗaga waya.

In ta dawo daga likita kuma, a ce “faɗa min da bakinki abin da ya ce ki yi”. A nan ake gano wadda ta ji “sau biyu a rana” ta fahimci “biyu a lokaci ɗaya”.

Maman_Hindawiyya:
Tattakin nan a zafin da ke wuce 40? 'Yan Jidda suna da Kornish a bakin teku. Mu na Makka ai ɗawafi da sa'ayi sun ishe mu, Safa da Marwa sau bakwai kusan kilomita uku ne.

Nas_Jarwal:
Kilomita ukun gaskiya ne, amma sau nawa ake yi a wata? Abin da ake nema minti 150 ne kowane mako, misali 30 sau biyar, kuma ana iya yanka shi goma-goma. Saurin da ake so shi ne wanda za ki iya magana amma ba za ki iya jan dogon karatu ba. Da rani, bayan Asuba ko bayan Isha, ko cikin manyan kasuwanni masu sanyi da safe kafin a cika. Tafiyar minti goma bayan cin abinci, ko a falo ne, tana rage hawan sukarin bayan ci. Sai ƙarfafa tsoka sau biyu a mako, wanda mata ke mantawa alhali bayan ɗaukewar al'ada ƙashi da tsoka raguwa suke yi: tashi-zauna daga kujera sau goma ba dafawa, tura bango, ɗaga gorar ruwa. Mai ciwon gwiwa ta fara da biyar. Mai sukari kada ta taka ƙasa mai zafi ba takalmi, ta duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowane dare. Wadda ƙirjinta ke ɗaurewa in ta hau bene, likita tukuna kafin tattaki.

Ummu_Sumayya:
Ni ban yarda a riƙa hawa sikeli a gaban mutane ba. Wannan kaɗai zai kori rabin matan.

Mai_Abinci_Madina:
Ba wanda ya ce a gaban mutane. Kuma tef ya fi sikeli faɗin gaskiya, don kitsen ciki ne mai haɗarin. Tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, bayan ta saki numfashi, ba kan kaya masu kauri ba. Daga santimita 80 a fara kula, 88 zuwa sama haɗarin ya yi yawa. Sau ɗaya a wata, ita kaɗai a ɗakinta.

Dakta_Umm_Anas:
Kada sukari da jini su rufe mana ido daga sauran. Hoton mama ana fara shi daga shekara 40 a ƙasar nan, kuma a watan Oktoba ana yawaita gangamin awo. Ƙullutun da ba ya ciwo shi ne mata ke rainawa, alhali sankarar mama a farkonta galibi ba ta ciwo. Awon bayan gida na sankarar hanji daga 45. Kuma duk wadda al'adarta ta ɗauke shekara guda cur sannan ta ga jini, ko ɗigo ne, ba “ta dawo” ba ce, likita za ta gani. Waɗannan tsoro ne ke hana zuwa, ba jahilci ba. Ƙawar da za ta ce “na kama mana mau'idi ranar Talata, zan biyo miki” ta yi abin da lacca goma ba ta yi ba.

A kuma koya musu alamun shanyewar ɓarin jiki: baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe. A duba agogo a riƙe lokacin, a kira 997. Maganin narkar da gudan jini yana da iyakar awa huɗu da rabi, kuma awannin nan a gida ake ƙone su da shafa mai da jiran maigida ya dawo. A yi addu'a a cikin motar asibiti.

Baba_Sabil:
Wa zai horar da su, kuma za a biya su?

Malama_Karantina:
Horo dole sai da ma'aikaciyar lafiya, kuma ba zama ɗaya ba. A yi kamar zama shida zuwa takwas, rabin kowane zama gwaji ne: wannan ta zama ƙawa, waccan ta zama mai taurin kai, a saurara a gyara. Bayan nan a samu nas ko likita ɗaya da ƙawayen za su riƙa kira in abu ya shige musu duhu, su kuma haɗu da ita wata-wata. Biya kuwa, a ganina kuɗin waya da na mota wajibi ne. In ba haka ba mai ƙaramin ƙarfi ce za ta ɗauki nauyin daga aljihunta har ta gaji.

Ummu_Sumayya:
Ni ina ganin da zarar kuɗi ya shigo za a fara rububin muƙamin, waɗanda Malama ta ce a guje wa su ne za su karɓe. Gara biyu-biyu, kowa ƙawar kowa, ba shugaba ba biya.

Nas_Jarwal:
Biyu-biyu yana da daɗi amma in duka biyun suka yi sanyi ba mai tayar da wani. Sai dai a gwada duka, rukuni ɗaya haka ɗaya haka, bayan wata shida a duba mutum nawa suka yi awo, nawa ke kan tattaki.

Hajiya_Tandabawi:
Allah ya saka wa kowa. Zan kai maganar wajen adashi ranar Alhamis yadda take, har da saɓanin Ummu Sumayya da Malama, su zaɓa. Nas, dantsen da ya wuce 42 fa, akwai ɗamararsa a saidaliyya ko sai an yi oda?

Abu_Fadila_Saidaliyya:
Akwai ta Hajiya, amma ba kowane shago ke ajiyewa ba. Ki tafi da na'urar ko hoton lambarta, don bakin tiyon kowane kamfani daban ne, ta wani ba ta shiga ta wani.